Yadda dayod ke mayar da wutar NEPA irin ta batir, da yadda za ka haɗa 12V da hannunka

Wutar da ke zuwa soket ɗinka a Agege ko Idi-Araba, ko ta Ikeja Electric ce, ko ta Eko, ko kuwa janareta ne ke bayarwa, kai-komo take yi kamar zarto a hannun kafinta. Ta tura gaba, ta dawo baya, sau 50 a kowane sakan, da ƙarfin bolt 230 idan ta cika. Ita ce AC. Dutsen guga da hita ba ruwansu da inda ta fuskanta, zafi kawai suke nema. Amma rediyo, da na'urar intanet ta gida, da fitilar LED, da duk wani abu mai aiki da batir, wuta mai bin hanya guda suke so, wadda fozitib ɗinta da negatib ɗinta ba sa canja wuri. Ita ce DC. Abin da ke tsakanin biyun wani ɗan baƙin abu ne mai ƙafa biyu, wanda bai wuce ƙwayar shinkafa biyu a tsawo ba, sunansa dayod.

Haɗa dayod huɗu ba wuya, yaron shago yana koya a yini ɗaya. Inda ake yin asara shi ne lissafi, domin lambar da aka rubuta a jikin taransifoma, mai rage ƙarfin wutar soket, daban take da wadda mitar awon wuta za ta nuna maka bayan ka sa kafasita, wato ɗan gwangwanin da ke ajiye wuta, kuma wutar Legas ba ta tsayawa wuri ɗaya. A kan wannan za mu fi daɗewa.

Abin da ke cikin dayod

Ɗan guntun silikon ne aka raba shi gida biyu. Ɓangare ɗaya an yi masa barbaɗen sinadari irin su fosforos, sai ya samu rarar ilektron, ana ce masa N. Ɗayan an sa masa boron, sai ya zama yana da guraben da ilektron suka rasa, ana ce masa P. A daidai inda suka haɗu, wasu ilektron kan tsallaka su cike guraben da ke kusa, sai wurin ya zama wani siririn shinge da ba abin da zai ɗauki wuta a cikinsa. Idan ka ba ɓangaren P fozitib, shingen sai ya tsuke, da an kai wajen 0.6V zuwa 0.7V sai wuta ta wuce. Idan ka juya, shingen sai ya ƙara faɗi, hanya ta toshe. Aikinsa ɗaya da bawul ɗin tayar keke: iska ta shiga, ba ta dawowa.

Abu biyu za ka riƙe daga nan. Na farko, dayod yana karɓar ladansa. Duk wutar da ta bi ta cikinsa tana barin kusan 0.7V, idan kaya sun yi nauyi har ya kai 1V, kuma wannan bolt ɗin zafi yake zama. Na biyu, toshewar tana da iyaka. Idan ƙarfin da ke tura shi ta baya ya wuce abin da aka yi shi dominsa, sai ya fashe ta ciki, yawanci ya haɗe ya zama kamar waya.

A jikinsa akwai zobe fari ko ruwan toka a gefe ɗaya. Ƙafar da ke wajen zoben ita ce katod, ta nan wuta ke fita. Wadda ba zobe ita ce anod, ta nan take shiga. Dayod mai lamba 1N4007 yana ɗaukar amfiya 1 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana), yana jure 1000V ta baya. 1N4001 kamarsu ɗaya sak a ido, amma 50V kawai yake jurewa, don haka a karanta lambar kafin a biya kuɗi. 1N5408 ya fi kauri, amfiya 3 da 1000V. 6A10 amfiya 6 ne.

Dayod ɗaya, biyu, ko huɗu

Idan ka sa dayod ɗaya a kan waya ɗaya ta taransifoma, zai bar rabin da ke turawa gaba ya wuce, ya tare rabin da ke dawowa. DC ka samu, amma mai giɓi: ta zo na kashi ɗaya cikin ɗari na sakan, ta ɗauke na wani kashi ɗaya. Rabin wutar ya tafi a banza, kuma taransifoma ba ta son a riƙa jan ta ta gefe guda, sai ta riƙa gurnani tana zafi. Ban da ƙananan abubuwa masu cin wuta kaɗan, ba mu ba da shawarar wannan.

Akwai taransifoma mai waya uku a wajen fita, wadda ake rubuta wa 12-0-12. Ita dayod biyu take so. Kowace wayar gefe ta shiga anod na dayod ɗaya, a haɗa zobensu biyu wuri guda ya zama fozitib, wayar tsakiya ta zama negatib. A nan ne ake yawan yin ɓarna. Mutum ya ga an rubuta 12, sai ya ɗauki wayoyin gefe biyu ya kai su kan dayod huɗu, ya bar ta tsakiya tana lilo. Tsakanin gefe da gefe 24V ne, bayan kafasita kuwa zai haura 32V. Kafasita mai 25V ba za ta daɗe ba, abin da aka jona ma haka.

Haɗin da aka fi amfani da shi shi ne na dayod huɗu, wanda masu gyara ke ce wa birij, wato gada. Ga yadda ake ɗaure shi. Ka sa musu suna D1, D2, D3, D4. Haɗa zoben D1 da zoben D2, wannan mahaɗar ita ce fozitib. Haɗa ƙafar D3 marar zobe da ƙafar D4 marar zobe, ita ce negatib. Yanzu ƙafa huɗu suka rage. Marar zoben D1 ta haɗu da mai zoben D3, nan wayar taransifoma ta farko za ta zauna. Marar zoben D2 ta haɗu da mai zoben D4, nan ta biyu. Ba komai ko wace waya ka kai wane gefe, tunda AC ce.

Bi wutar da yatsa ka gani. Lokacin da waya ta farko ke turawa, wuta ta bi D1 ta fita fozitib, ta ratsa kayan da ka jona, ta dawo negatib, ta bi D4 ta koma waya ta biyu. Da ta juya, waya ta biyu ke turawa, sai ta bi D2 ta fita wannan fozitib ɗin dai, ta dawo ta D3. Ko ta ina ta ɓullo, ta ƙofa ɗaya take fita. Saboda haka maimakon tudu 50 a sakan, yanzu 100 kake da su, ba giɓi mai faɗi. Kuɗin da ka biya shi ne kullum dayod biyu take ratsawa, wato 1.4V zuwa 2V sun tafi.

Ana sayar da gadar a dunƙule. A kan doguwa mai ƙafa huɗu a jere, ƙafafun tsakiya biyu na AC ne, masu alamar ~, na gefe kuma + da −, kusurwar da aka yanke tana wajen +. A kan mai murabba'i irin KBPC3510, mai amfiya 35, ƙafar + an karkata ta daban da sauran ukun, − kuma tana kusurwar da ta fi nisa da ita. Wannan amfiya 35 ɗin sai an ɗaure ta da ƙusa mai zare a jikin farantin alminiyam take iya ɗauka. A sake a iska, ba ta kai ko kusa.

Lissafin da ke raba aiki mai kyau da na asara

Lambar 12V ko 15V da ke jikin taransifoma, da 230V na soket, duk matsakaicin ƙarfin aiki ne. Ƙololuwar tudun ta fi haka, ana samunta idan an ninka da 1.414. 12V tana kaiwa 17V, 15V tana kaiwa 21.2V, 230V kuwa 325V. Kafasita kamar tankin ruwa na saman gida take: idan tudu ya zo ta cika har ƙololuwa, idan ya sauka ita ke ciyar da kaya kafin na gaba ya iso. Shi ya sa wanda ya sa taransifoma 12V da gada da kafasita, ya auna ba kaya, zai ga 16V ko 18V, ya ɗauka mitarsa ta lalace. Lafiyarta ƙalau.

Tsakanin tudu da tudu tankin yana raguwa. Wannan hawa da saukar ita muke kira rawar wuta, ita ce ke sa lasifika gurnani. Ga hanyar auna ta a wutar da ke juyawa sau 50, da gada: ninka amfiyar da kayanka ke ci da 10,000, ka raba da girman kafasita a µF (ma'aunin girmanta da ke rubuce a jikinta), abin da ya fito shi ne bolt ɗin rawar. Amfiya 1 da kafasita 4700µF: 10,000 a raba da 4700, kusan 2.1V. Da 2200µF, 4.5V. Da 1000µF, 10V, wanda ba shi da amfani ga kaya masu cin amfiya 1. Idan dayod ɗaya ne maimakon gada, sai ka ninka amsar biyu.

To, a ce 12V tsayayya kake so, har amfiya 1, don na'urar intanet ko ƙaramar fanka ta DC. Za ka sa regileta 7812, wadda ke aske duk abin da ya haura 12V. Sharaɗinta shi ne abin da ke shiga ya fi abin da ke fita da aƙalla 2V, a kowane lokaci, har a ƙasan rawar. Wato kada ya sauka ƙasa da 14V, 14.5V ya fi kwanciyar hankali.

Gwada da taransifoma 12V. Ƙololuwa 17V, cire 2V na dayod, saura 15V, cire 2.1V na rawa, saura 12.9V. Bai kai ba, ko da wuta ta cika. Abin zai nuna 12V a mita idan ba kaya, da ka jona sai na'ura ta riƙa mutuwa tana tashi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a irin wannan aiki, kuma sau da yawa regileta ake ɗora wa laifi a canja ta, alhali ba ta yi komai ba.

Gwada da 15V. Ƙololuwa 21.2V, cire 2V, 19.2V, cire 2.1V, 17.1V. Akwai rara. Yanzu kawo halin unguwa da dare, lokacin da kowa ya kunna kayansa wuta ta yi sanyi. Idan soket ya sauka 200V, taransifomar za ta ba da 13V, ƙololuwa 18.4V, bayan an cire duka saura 14.3V, da ƙyar ya tsallake. Idan ya sauka 180V, saura 12.5V, ya faɗi. Mai zaune a layin da wuta ke yawan yin haka sai ya ƙara kafasita ta biyu kusa da ta farko, + da +, − da −, rawar ta ragu zuwa kusan 1V, amma a 180V wannan ma bai isa ba, sai ya sa sitabilaiza a gaba. Ka auna soket ɗinka da safe da kuma ƙarfe tara na dare kafin ka je kasuwa, wannan awon shi zai gaya maka abin da za ka saya.

Ta ɗaya gefen kuma, ƙaramar taransifoma idan ba kaya takan ba da fiye da abin da aka rubuta, 15V ta zama 17V ko fiye. Idan aka yi dace wuta ta zo da ƙarfi, kafasita za ta ga sama da 25V. Don haka 35V za ka saya, kada mai shago ya ce maka 25V ma ta isa. Bolt ɗin kafasita in ya yi yawa ba ya cutar da komai, ƙarancinsa ne ke fasa ta.

Sauran abu ɗaya. Kafasita ba ta shan wuta a hankali, a ɗan ƙanƙanin lokacin ƙololuwa take zuƙar duk abin da ta rasa. Wannan fizgar tana wahalar da taransifoma da dayod fiye da yadda amfiyar kaya ke nunawa. Ƙa'idar da ake bi ita ce taransifoma ta fi abin da kake son ci da kusan ninki 1.8. Amfiya 1 na DC yana son taransifoma mai amfiya 2. Dalilin ke nan kuma da ya sa muka fi son 1N5408 a nan, ko da yake a takarda 1N4007 zai iya.

Kayan da za ka nema

A Alaba International da ke Ojo, ko kasuwar Arena a Oshodi, ko wajen masu kayan gyara a Computer Village ta Ikeja, za ka samu duka: taransifoma 15V mai amfiya 2, 1N5408 guda 4, kafasita 4700µF mai 35V, regileta 7812 da farantin alminiyam mai haƙarƙari wanda ya kai tafin hannu, ƙananan kafasita biyu 0.33µF da 0.1µF, rizista (mai taƙaita gudun wuta) 2.2kΩ mai wat 1, rizista 1kΩ da LED ɗaya, fiyus 0.5A da gidansa, makunni, allo mai huji-huji, dalma, da akwati mai ramukan shan iska. Ka tafi da mitarka. A kowace kasuwa ana samun kafasitar da gwangwaninta babba ne abin cikinta ƙarami, idan mitarka tana auna µF ka gwada a gaban mai kaya. Ka ɗaga taransifomar ma ka ji nauyinta, mai amfiya 2 ta gaskiya tana da nauyi a hannu.

Gwada kowane dayod kafin dalma ta taɓa shi. Juya mita zuwa alamar dayod. Jan tsinke a ƙafar da ba zobe, baƙi a mai zobe: za ka ga tsakanin 0.5 da 0.7, wasu mitoci su rubuta 500 zuwa 700. Juya tsinken: OL, ko 1 shi kaɗai a gefen hagu, alamar hanya a toshe take. Idan ta ko'ina sifili ne ko mita na kuka, ya haɗe. Idan ta ko'ina OL ne, ya yanke. Wanda ke kan allo kuwa sai ka ɗaga ƙafarsa ɗaya tukuna, in ba haka ba sauran kayan da ke kewaye da shi za su ruɗa awon.

Haɗawa, mataki bayan mataki

Fara da gano wayoyin taransifoma, wuta a kashe. Gefen 230V wayarsa siririya ce mai yawan naɗi, a awon om (alamar Ω a mita) zai nuna gommai ko fiye. Gefen 15V bai wuce om 1 ko 2 ba. Kada ka dogara da launin waya. Idan aka juya ta aka ba gefen 15V wutar soket, nan take za ta ƙone. Fiyus da makunni a kan waya mai rai ta gefen 230V suke zama, kuma duk mahaɗar da ke wannan gefen a rufe ta ruf kafin a kunna. Idan akwatin na ƙarfe ne, a ɗaure masa wayar ƙasa.

Kunnawar farko a yi ta da ƙwan fitila mai zare, na wat 60, a jere da waya mai rai, yadda duk wutar da za ta shiga sai ta ratsa shi. Idan komai daidai ne, ƙwan zai ɗan yi ƙyaf ya dushe. Idan ya kama haske ya tsaya, akwai inda ya haɗe, a kashe a duba. Ƙwan LED ko mai adana wuta ba ya wannan aikin. Ƙwan nan ɗaya yana ceton taransifoma da yawa, bai kamata teburin gyara ya rasa shi ba.

Auna gefen fita a AC, ka ga 15V zuwa 17V. Kashe, ka dasa dayod. Ƙafar 1N5408 ta fi hujin allo kauri, sai ka ɗan faɗaɗa hujin, kada ka danna da ƙarfi har jikin dayod ya tsage. Ka bar wa kowace ƙafa kamar santimita 1, jikin ya ɗan tashi daga allo, domin ta ƙafafun ne yake fitar da zafinsa. Ƙarfen dalma kada ya wuce sakan 3 ko 4 a kan ƙafa. Mahaɗa mai kyau tana sheƙi, ta kwanta kamar ɗan tudu. Wadda ta dunƙule kamar ƙwallo ba ta kama ba.

Kafin ka sa kafasita, kunna ka auna tsakanin + da − a DC. Wajen 12V zuwa 14V za ka gani. Idan ka ga kusan rabin haka, 6V ko 7V, dayod ɗaya bai kama ba ko ya yanke. Idan ƙwan gwaji ya haska, ɗaya a juye yake. Wannan awon na minti ɗaya ne, amma da zarar kafasita ta hau ba za ka ƙara ganin wannan bambancin ba sai an ɗora kaya.

Yanzu kafasita. Farin layin da ke gefenta mai alamar − yana nuna ƙafar negatib, a sabuwa kuma doguwar ƙafa ita ce +. Idan aka juya ta, za ta yi zafi, ta kumbura, ta fashe, don haka kada fuskarka ta kasance a samanta a kunnawar farko. Ɗaura rizista 2.2kΩ tsakanin ƙafafunta biyu don ta riƙa sauke cajin bayan an kashe, cikin kamar minti ɗaya ta huce. Auna: 20V zuwa 24V.

Sai 7812. Riƙe ta rubutun yana kallonka, ƙafafu ƙasa: hagu shiga, tsakiya negatib, dama fita. 0.33µF tsakanin hagu da tsakiya, 0.1µF tsakanin dama da tsakiya, dab da ƙafafun, don kada ta riƙa kaɗawa. LED da rizista 1kΩ a wajen fita. Zafin da za ta sha shi ne bambancin shiga da fita a ninka da amfiya: kusan 18V a cire 12V, sau amfiya 1, wat 6. Ita kaɗai ba faranti wajen wat 1 take iya jurewa. Ka shafa farin man zafi siriri a bayanta, ka ɗaure ta tam da farantin. Bayan nata a haɗe yake da negatib, kada farantin ya taɓa wata waya. Wanda ba ya son wannan zafin zai iya sa ɗan allon LM2596, wata irin regileta da ba ta zafi haka, a madadinta, ya murɗa ɗan sukurun da ke kai har mita ta nuna 12V kafin ya jona kaya.

Cire ƙwan gwaji, ka ɗora kaya na gaske, ka bar shi rabin awa. 12V ta tsaya tsakanin 11.5 da 12.5. Kashe, cire fulogi, sannan ka taɓa: taransifoma da ɗumi ba laifi, amma idan yatsa ba ya iya zama a kanta, ta yi ƙanƙanta.

Idan ya ba da matsala

Ya yi aiki minti biyar ya ɗauke, ya huce ya dawo: regileta ce ke kashe kanta saboda zafi, faranti ya yi kaɗan ko akwati ba iska. Gurnani a lasifika, ko wuta ta faɗi da an ɗora kaya: kafasita ta bushe, ko dayod ɗaya ya yanke gadar ta koma rabi. Dubi saman kafasitar, idan ya tasa ko ya yi tsatsa-tsatsa ta gama. Fiyus na ƙonewa da an kunna: dayod ya haɗe. Kada a ɗaure fiyus da waya, domin abin da zai ƙone a madadinsa taransifoma ce. Idan dayod ɗaya ya mutu a canja duka huɗun, sauran ma sun sha wuya. Kada kuma a jera ƙananan dayod biyu gefe da gefe don su raba kaya. Wanda ya fi zafi ladansa raguwa yake yi, kusan 2mV a kowane digiri, sai ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, har ya mutu ya bar wa ɗan'uwansa duka.

Danshin Legas ma abokin gaba ne, musamman kusa da ruwa irin Obalende da Apapa. Ragowar man dalma yana jan laima, tagulla ta yi kore, wuta ta fara satar hanya tsakanin layuka. A goge bayan allo da sifirit da tsohon buroshin haƙori, a bar shi ya bushe kafin a rufe.

Wannan 12V ɗin ba za ta cika batirin mota ko na inbata ba. Batirin dalma mai 12V yana son 13.8V zuwa 14.4V, da abin da zai taƙaita amfiya. Gada tsirara a kan batir kuwa, ba mai tsayar da ita, za ta tafasa ruwansa ta cinye farantansa.

Cajar waya da altaneta

A cikin cajar waya ko ta kwamfuta babu babbar taransifoma a gaba. Gadar kai tsaye take kan 230V, kafasitar bayanta mai 400V ce, tana riƙe da kusan 325V, kuma takan riƙe shi bayan an zare daga soket. Wannan yana iya kisa. Kafin hannu ya shiga, a sauke ta da ƙwan nan mai zare ko rizista mai kauri, a auna a tabbatar, kada a haɗe ta da sukundireba. Daga nan ana yanka wutar sau dubbai masu yawa a sakan ta ratsa 'yar ƙaramar taransifoma, shi ya sa dayod ɗin wajen fita dole ya zama mai saurin rufewa. Idan ka sa 1N4007 a gurbinsa, ba zai iya rufewa da wannan saurin ba, zai yi zafi ya mutu. Nan wurin dayod mai sauri da ake kira Schottky ne, irin 1N5819 mai amfiya 1 ko 1N5822 mai amfiya 3, duka 40V, waɗanda a mita suke nuna 0.15 zuwa 0.3, kada ka ɗauka sun haɗe. Inda bolt ya yi yawa kuma, FR107 ko UF4007.

Altanetar mota, wadda ke caja batir, AC take haifarwa ta layi uku, dayod 6 aƙalla ke miƙar da ita. Idan ɗaya ya yanke, caji ya ragu, rediyo ta riƙa kuka mai bin tashin inji. Idan ɗaya ya fara yoyo ta baya, batir mai lafiya zai kwana ya wayi gari ba wuta, mai mota ya tafi Ladipo neman sabon batir alhali ciwon yana cikin altaneta. Inji na aiki, kan batir ya nuna 13.8V zuwa 14.4V a DC. Juya mita zuwa AC a wuri ɗaya: idan ya kai rabin bolt, a zargi dayod. Ƙananan mitoci masu arha ba sa tace DC a wannan awon, za su nuna maka lamba babba ta ƙarya, sai an samu mita mai kyau. Kada a cire kan batir inji na aiki don a gwada caji, tsallen da wuta ke yi a lokacin yana iya kashe dayod da kwamfutar motar. A babur da keke mai ƙafa uku kuwa, dayod da regileta suna cikin ɗan akwati ɗaya mai haƙarƙari, ba a buɗe shi, canjawa ake yi. Kafin ka canja, zare soket ɗinsa ka duba ko ya yi kore ko ya narke, ka kankare inda wayar negatib ta kama jikin ƙarfe, sannan ka sake awo.